Kalangun Kawu Barmu a Filin Tanis na Kwatano

Tun da muka dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar gidan rediyonmu sai ya tambaye ni ko gaskiya ne an kusa fitar da Kawu Barmu daga filin wasan Turawa. Ba wanda ke tambayar idon da ya kai mu can, wanda kuwa ya warke sarai. Aikina karanta labarai ne, kuma ba na son labari ya yi ta yawo kowa na ƙara masa gishiri. Don haka ga yadda abin ya faru.

Kawu Barmu ƙanen mahaifiyata ne. Ya tsufa yana yi wa 'yan kokawa kiɗa, daga nan Gaya har Junju da Zabori. Da yanar ido ta rufe masa idon dama, aka ba mu labarin wani asibitin ido a Kwatano, aka ce ni zan raka shi tun da ina jin Faransanci. Na ce ya bar kalangu a gida. Ya ce to. Da muka isa bakin kogi sai na ga igiyarsa tana leƙowa daga ƙarƙashin babbar riga.

Gadar kan iyaka a rufe take, kamar yadda kowa ya sani, don haka jirgin ruwa muka shiga, mu da buhunan albasa da babur guda da aka kwantar kamar mara lafiya. A tsakiyar kogi wani jirgi mai inji ya wuce mu, ruwa ya fantsamo, rabinsa a kan kalangu. Da muka hau tudu a Malanbil, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya duba takardunmu, sannan ya nuna kalangun.

"Baba, wannan haja ce?"

"Kayan aiki ne," in ji Kawu.

"To a yi aikin mu gani."

Kawu ya gyara tsayuwa ya buga. Fatar ta jiƙe, abin da ya fito kamar akuya mai mura. Ma'aikacin ya miƙo mana takardunmu ya ce, "Wuce, Baba. Wannan ba mai sayensa." Kawu ya mai da kalangu cikin riga, fuska a murtuke.

Hanyar doguwa ce. A kar ɗin da muka shiga, wato babbar motar fasinja, maƙwabcin kujerarmu wani Badande ne mai sayar da tayoyi, wanda ya gaishe mu da fofo, gaisuwarsu, sau ɗaya, ya yi barci a kafaɗata har Paraku. A can muka kwana. Na ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Kawu ya ce doya abinci ne na mutanen da ba su da abin yi da rana, ya cinye nasa, ya ƙara da rabin nawa. Da safe ya roƙi wata mai gasa masara ta bar shi ya kanga kalangu a gefen wutarta. Sai da fatar ta ɗaure, ya ɗan taɓa ta da yatsa ya ji muryar da ya sani, sannan fuskarsa ta dawo.

A Kwatano 'yan kabu-kabu sun fi mutane yawa, dukansu da riguna masu ruwan ɗorawa, kuma ba sa tsayawa gaisuwa. Muka sauka a wani ƙaramin masauki na wata mata da kowa ke kira Tanti. Likita ya duba Kawu ya ce jininsa ya hau, sai ya sha magani kwana biyar kafin a taɓa idon. Ya hana shi gishiri da ɓacin rai da ɗaga murya. Ta haka muka samu kwana biyar ba mu da aikin komai.

Washegari wurin karin kumallo muka tarar da wata Baturiya doguwa, ita kaɗai a tebur, da ledar ƙanƙara ɗaure a kafaɗarta ta hagu. Kawu ba ya iya ganin mutum yana ci shi kaɗai. Ya ja kujera, ya miƙa mata kilishin da muka zo da shi. Ta karɓa da hannun hagu.

"Sani," ya ce mini, "gaya mata da dama ake karɓa."

Na faɗa mata cikin ladabi. Ta dubi hannunta na dama kamar wani baƙo, ta ce da Faransanci mai kauri, "Wannan bai taɓa yi mini komai ba. Ɗayan ne ya ciyar da gidanmu shekara goma sha biyar."

Da na fassara, Kawu ya ce, "To ai bahaguwa ce ta sana'a. A bar ta." Daga ranar sunanta ya zama Bahaguwa, kuma da shi zan kira ta a nan, don nata na gaskiya Kawu ya gwada sau uku ya haƙura.

'Yar ƙasar Rasha ce, sana'arta wasan tanis. Ta zo wata ƙaramar gasa da ake yi a wani kulob bayan masaukinmu. Kawu bai san tanis ba, amma ya san ɗan wasa in ya gan shi. Ya dubi wuyan hannunta da yadda take zama, ya fara yi mata tambayoyin da yake yi wa duk ɗan kokawar da zai yi wa kirari, ni kuma ina tsakiya kamar a ɗakin hira.

"Ɗiyar wa ce?"

Ɗiyar direban bas ce, a wani gari da kogi ke daskarewa har mota ta bi ta kansa. Tana da shekara shida aka kai ta wani zaure mai rufi inda ake koyar da yara, don a gida ba ta barin kowa ya huta. Da ta kai sha huɗu ta bar gida, ta yi ta bin masu horarwa daga ƙasa zuwa ƙasa, a nan ta tsinci Faransancinta.

"Wa ta kada?"

Ta yi dariya. Ta ce akwai lokacin da ta shiga cikin manya, ta buga a filayen da ake nunawa a talabijin, kuma sau ɗaya ta kada wata wadda duk duniya ta sani. Amma ta fi son ta lissafa waɗanda suka kada ta, don sun fi yawa. "A sana'armu," in ji ta, "mata talatin da biyu ke farawa ranar Litinin, ɗaya ce kawai ke kai Lahadi ba a kada ta ba. Mako na gaba a sake. Mu gwanayen faɗuwa ne."

Kawu ya ce kada in sake fassara masa irin wannan magana.

Daga baya kafaɗar ta lalace, aka yi mata aiki har sau biyu. Kafin ta warke sunanta ya gangaro ƙasa a jerin 'yan wasa, masu ɗaukar nauyinta suka janye, mai horar da ita ya koma wurin wata yarinya. Yanzu ita ke sayen tikitinta, ita ke wanke kayanta a bahon masauki. Ta ƙara da cewa 'yan ƙasarsu a yanzu ko tuta ba a sa musu a gefen suna.

"Wa ke mata kiɗa?"

Na ce, "Kawu, ba a kiɗa a wasansu."

"Ba kai na tambaya ba."

Na tambaye ta. Ta ce ba kowa. Sannan ta gyara ledar ƙanƙarar ta faɗi abin da ta ce yayarta kaɗai ta sani. In ta ci wasan ranar Talata, za ta samu makin shiga gasa ta gaba, ta ci gaba har ƙarshen shekara. In aka kada ta, shi ke nan, ta daina. Yayar ta riga ta samo mata aikin koyar da yara a garinsu. Ta faɗe shi kamar mai karanta farashin hatsi.

Kawu ya ce, "Ba tuta, ba makaɗi, ba dangi. Ranar Talata muna da aiki."

Na tuna masa maganar likita. Ya ce likita ya hana ɗaga murya, bai hana kirari ba.

Ranar Talata da hantsi muka shiga kulob ɗin. Filin jar ƙasa ne da aka share aka yayyafa wa ruwa, da raga a tsakiya wadda ba ta kai ƙirji ba. 'Yan kallo ba su fi jama'ar ƙaramin suna ba. Abokiyar karawar Bahaguwa yarinya ce 'yar sha tara, ta zo da uwa da uba da mai horarwa da wani mai riƙe mata ruwa. Alƙalin wasa yana bisa wata doguwar kujera kamar mai gadin gonar shinkafa. Na bayyana wa Kawu lissafinsu: sha biyar, talatin, arba'in, sannan an ci zagaye. Ya tambaya ina sauran lambobin suka tafi. Na ce ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Abin da ban bayyana masa ba shi ne shirun. Laifina ne, na ɗauka zai gani da kansa. A kokawa, lokacin da 'yan wasa suka sunkuya za su kama juna, nan ne makaɗi ke sakin duk abin da ke ƙirjinsa, don a nan ɗan wasa ke bukatarsa. A tanis kuwa, lokacin da mai wasa za ta jefa ƙwallo sama ta buɗe wasa, ko tari ba a so.

Zagaye na uku Bahaguwa ce ke buɗewa, kuma maki ɗaya ya rage a ƙwace mata zagayen. Ta buga na farko, ya faɗa raga. Saura dama ɗaya. Ta dunguri ƙwallon a ƙasa sau huɗu, ta jefa shi sama. Kawu ya ga ta sunkuya ta miƙe, ya gane wannan ne kamun. Ya zaro kalangu ya saki murya:

"Bahaguwa ɗiyar direba!"

Ƙwallon ya wuce layi, ya wuce shinge, ya sauka kusa da motar wani. Zagayen ya tafi. Uban yarinyar ya miƙe tsaye. Alƙali ya juyo da makirufo ya ce da Faransanci a yi shiru, in aka sake za a fitar da mai gangar. Wani mai gadi ya zo ya tsaya a bayanmu.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce ka jawo mata faɗuwa."

Ba haka ya ce ba, amma fassarar da ta dace ke nan. Kawu ya dubi fili. Bahaguwa ba ta dube mu ba, tana gyara igiyoyin raket ɗinta, wato abin bugun ƙwallon, da yatsa. Ban taɓa ganin Kawu ya ƙanƙance haka ba. Ya fara tura kalangu cikin riga.

A nan aikina ya yi mini rana. Na lura cewa shirun nasu ba na dindindin ba ne. Da an ci maki ana tafi, mai wasa ta je ta goge fuska, ta karɓi ƙwallo, ta dawo layi. Tsakanin nan akwai daƙiƙa ashirin da 'yan kai. In sun canza gefe kuma suna zama kusan minti ɗaya da rabi. Wannan ba shi da bambanci da ɗakin watsa shirye-shirye: akwai lokacin da fitila ke ja, akwai lokacin da take mutuwa.

Na ce, "Kawu, kalli hannuna. In na buɗe, naka ne. In na dunƙule, ko kana tsakiyar sunan ubanta ka haɗiye."

"Ni za ka yanke wa kirari?"

"Ko ni, ko mai gadi."

Na je gindin doguwar kujera lokacin hutu na roƙi alƙali. Ya ce tsakanin maki kowa na iya tafi, bai ga inda aka ce da hannu kawai ba, amma sauti ɗaya a kan bugu zai fitar da mu da kansa.

Haka muka yi. Bahaguwa ta ci maki, na buɗe hannu, Kawu ya zuba: ɗiyar direba, wadda ta taso inda kogi ke zama dutse, mai hagun da ya ciyar da gida. Ta taka layi, na dunƙule, ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Sau biyu ya kai ni da harara, amma bai kuskure ba ko sau ɗaya. An ci ta kashin farko na wasan. A kashi na biyu ta fara aika ƙwallo can kusurwar da yarinyar ba ta so, irin bugun da bahago kaɗai ke yi, kuma 'yan kallo suka fara tafi a kan kiɗan Kawu. Har mai gadin na ga yana kaɗa ƙafa. Da ta ci kashi na biyu ta juyo wajenmu, ta ɗaga raket sau ɗaya. Kawu ya ce, "Ta ji."

Kashi na uku ya yi tsawo, rana ta take. Na ga ta fara taɓa kafaɗar bayan kowane bugu, bugun buɗewarta ya rage ƙarfi. Yarinyar ita ma ta gani. Sun kai biyar da biyar, daga nan yarinyar ta ci biyu a jere. Ƙwallon ƙarshe ya taɓa bakin raga ya faɗo gefen Bahaguwa.

Suka haɗu a raga suka gaisa, suka gaisa da alƙali. Kafin tafi ya mutu Bahaguwa ta tura raket cikin jaka, ta rataya, ta nufi wata ƙaramar ƙofa ta baya. Masu share fili sun riga sun shigo, wasu mata biyu suna jira da jakunkunansu.

"Ina za ta?" in ji Kawu.

"Ta gama."

"Ta gama wasan yau, ko ta gama?"

"Ta gama, Kawu. Kai ma ka ji ta."

"Ta ƙofar baya?"

A wurinmu ɗan kokawar da zai ajiye wasa ba ya sulalewa. Makaɗinsa ne ke zagayawa da shi fili sau ɗaya, ya faɗi asalinsa da inda ya taka, jama'a su shaida, sannan ya fita ta inda ya shigo. Kawu ya yi wa mutum tara wannan, yana iya lissafa su. Ya ce in tsayar da ita, in kuma je in gaya wa mai doguwar kujera.

Na cim mata a bakin ƙofa na bayyana mata. Ta ce ba ta son a ji tausayinta. Na ce Kawu bai san tausayi ba, aiki ne bai ƙarasa ba. Ta tsaya tana kallon tsohon da ido ɗaya yana ɗaure igiyar kalangu. Ta ce, "Minti nawa?"

Alƙali ma abin da ya tambaya ke nan. Ya duba agogo ya ce minti biyu, don akwai wasa na gaba. Da na kai wa Kawu, ya ce mafi gajartar sallamar da ya taɓa yi ta kai tsawon dahuwar shinkafa.

"Cire kakanni," na ce.

"Ba ta ba ni kakanni ba."

"To ka ga an rage. Garinsu, ubanta, manyan filaye, wadda ta kada. Ka rufe."

"Kafaɗar fa?"

"Daƙiƙa goma."

Na karɓi makirufon alƙali na sanar da Faransanci, da muryar labaran ƙarfe takwas, cewa wannan ne wasan ƙarshe na wannan 'yar wasa bayan shekara goma sha biyar tana sana'ar, kuma za a sallame ta irin ta mutanen Gaya. Ko uwar yarinyar ba ta sani ba, na ga ta dafe baki.

Kawu ya shiga gaba, Bahaguwa na bin sa da jaka a kafaɗar dama, suka bi gefen layi. Bai yi ihu ba. Ya faɗi garin ƙanƙara da direban bas, ya faɗi yarinyar da ta bar gida tana da sha huɗu, ya faɗi filayen talabijin. Da ya zo kan kafaɗar ya ce wuƙa ta shiga sau biyu, mai ita ta tashi sau biyu. Ba mai jin Hausa a wurin sai ni da wani mai sayar da ruwa, amma mutane suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da ta kada ta ta ajiye tawul ta shiga tafi. Ina riƙe da agogo. Ya rufe saura daƙiƙa shida, daidai babbar ƙofa, ban ko ɗaga hannu ba.

A waje, ƙarƙashin wata bishiya, Kawu ya ce in gaya mata zagayen nan na uku yana wuyansa, ta yafe masa.

Ta ce, "Gaya masa tun ina shekara shida nake zubar da wannan bugun, ba tare da taimakon kowa ba. Yau ne kawai na samu wanda zan ɗora wa."

Kawu ya ce ya karɓa.

Ta zauna a kan jakarta ta ciro salula ta kira yayarta. Kawu ya koma gefe yana taɓa kalangu a hankali, irin taɓin da yake yi in taro ya watse. Maganar ba ta yi tsawo ba, kuma da harshensu aka yi ta. Da ta kashe, ta ga ina kallonta, ɗan jarida ba ya iya ɓoye tambaya.

"Na ce mata na daina," in ji ta. "Ta tambaye ni ko ni kaɗai ce a wurin. Na ce mata ta yi shiru ta saurara."